Rundunar Da Allah Ya Ajiye A Cikin Jini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum Ya kyautata halittarsa, Ya tanadar masa masu tsaro tun bai san yana da abokan gaba ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, babu wanda bai san mugunya ba. Ƙaya takan soki yaro a tafin ƙafa, bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara ruwa, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Uwa ta matse tana yatsine fuska, ta wanke hannu, shi ke nan. Abin da ba ta sani ba, kuma masanan duniya kaf ba su sani ba sai a ƙarni na 19, shi ne wannan abin ƙyama da ta share yawancinsa gawawwakin mayaƙa ne da suka mutu wajen tsaron ɗanta. Kaluluwar kuwa sansani ce da ta cika ta batse saboda ana tara runduna a cikinta.

Mayaƙan nan su ne fararen ƙwayoyin jini. Shi jini ruwa ne da ƙwayoyi ke yawo a cikinsa. Jajayen su ne masu rinjaye, su ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu su rarraba wa gaɓoɓi. Fararen kuwa kaɗan ne. A ɗan ɗigon da bai wuce kan allura ba, watau milimita ɗaya ta kowace fuska, mai lafiya yana da jajaye wajen miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000. A cikin ɓargo ake ƙera su. Irin da ya fi yawa a cikinsu, ɓargon baligi yakan fitar da kamar biliyan 100 nasa kowace rana ta Allah, domin rayuwarsu gajera ce, daga 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki. Mutum yana barci ana yi masa wannan aiki, yana salla ana yi, yana saɓon Ubangijinsa ma ba a dakatar masa da shi ba.

Mutane sun daɗe da ganin aikin rundunar nan kafin su ga ita kanta. A shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, annoba ta faɗa wa birnin Atina na ƙasar Girka. Marubucin tarihinsu, Tusididis, wanda shi ma ya kamu ya tashi, ya lura cewa waɗanda suka warke su ne ke iya jinyar sauran, domin cutar ba ta komowa ta kashe wanda ta taɓa kamawa. Tsofaffin ƙasar Hausa ma sun san haka game da agana da ƙyanda: wanda ya yi su ya tashi, ya rabu da su. Sai dai dalilin abin ya ɓuya ga kowa.

Cikin waɗanda suka nemi dalilin akwai babban likitan Musulmi, Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Arrazi, mutumin Rayyi ta ƙasar Farisa, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza, ya rasu wajen shekara ta 925. Shi ne ya wallafa littafin da ya rarrabe agana da ƙyanda filla-filla, alhali da ana haɗa su wuri guda. A ganinsa jinin yaro kamar ruwan inabi ne sabon matsa, ba makawa wata rana ya tafasa ya zubar da kumfarsa, in kuwa ya tafasa sau ɗaya ba ya sakewa. Bayanin bai dace da gaskiyar al'amari ba, amma idon malamin bai yi masa ƙarya ba, don ya ga abin da ya kamata a tambaya. Turawa suka fassara littafin da Latin, suka yi ta buga shi ɗaruruwan shekaru.

Tun kafin Arrazi kuwa, sahabbai sun riga sun warware wata mas'ala wadda har yau take rikita waɗansu. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, watau 639, Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarga sai shugabannin yaƙi suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Ya kira Muhajiruna ya shawarce su, suka rabu biyu. Ya kira Ansaru, su ma suka rabu biyu. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, waɗannan bakinsu ya zo ɗaya a kan a koma. Da ya yi shelar komawa sai Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umaru ya amsa masa cewa lalle gudu ne, amma daga wata ƙaddarar Allah zuwa wata ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya yi kiwon. Ana nan sai ga Abdurrahmani ɗan Aufu, wanda ba ya wurin tun farko, ya ce yana da ilmi a kan wannan, domin ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Umaru ya gode wa Allah ya juya. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, a cikin annobar kuma ya cika.

Mai karatu ya lura, mutum uku ne a wannan zama daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin ƙwayar cuta, amma sun yi aiki da sababi gwargwadon abin da ya bayyana gare su. Bayan shekaru ɗari bakwai, sa'ad da babbar annoba ta 1348 ta ratsa Andalus, Lisanuddini ɗan Haɗibi, wazirin Garnaɗa, ya rubuta cewa yaɗuwar cuta daga mutum zuwa mutum abu ne da jarrabawa ta tabbatar, ta hanyar cuɗanya da tufafi da kwanuka. Malamai kuwa sun daidaita hadisin da ya kore yaɗuwar cuta da wanda ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, suka ce abin da aka kore shi ne imanin Jahiliyya cewa cuta tana aiki da ikon kanta.

To, daga lura sai aka kai ga dabara. A daular Usmaniyya, a shekarar 1717, matar jakadan Ingila, Mary Montagu, ta ga tsofaffin mata suna yawo gida-gida da ɗan ruwan ƙurjin agana a cikin ɓawon goro irin nasu. Sai su yi wa yaro ɗan tsagi da allura, su shafa masa, ya yi 'yar agana mai sauƙi ya tashi da kariya. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, da ta koma Landan kuma aka yi wa 'yarta a 1721. A shekarar nan ta 1721 agana ta ɓarke a Boston ta Amurka, kuma wanda ya koya musu dabarar bawa ne da aka kamo daga Afirka, aka laƙaba masa suna Onesimus. Shi ya nuna wa ubangidansa tabon hannunsa, ya ce haka ake yi a ƙasarsu. Aka yi wa mutum sama da 240, shida suka mutu, alhali cikin waɗanda cutar ta kama da kanta kusan ɗaya cikin bakwai ne ya tafi. Makiyayan Afirka ta Yamma, har da Fulani, suna da irin wannan hikima game da ciwon huhun shanu: a yanko ɗan huhun wadda ta mutu, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya a cusa. Saboda haka wanda ke ɗauka rigakafi baƙon abu ne da Bature ya ƙirƙiro, tarihi bai goyi bayansa ba. Cikin waɗanda Turawa suka koye shi a hannunsu akwai mutanen daular Usmaniyya da baƙaƙen fata.

Abin da Turawa suka ƙara shi ne rage haɗarin. A 1796 wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ƙurjin da masu tatsa ke ɗauka daga hantsar saniya yana kare mutum daga agana ba tare da ya jefa shi cikin halaka ba. Louis Pasteur na Faransa ya gano yadda ake raunana ƙwayar cuta kafin a sa ta a jiki, a 1885 kuma ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza. Duk da haka, da za a tambaye su ko mene ne a cikin jiki yake yin aikin, da ba su ba da amsa mai gamsarwa ba.

Ganin ƙwayoyin da ido sai da aka sami madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya siffanta jajayen a 1674. Fararen kuwa, saboda ƙarancinsu da rashin launi, sai bayan shekara ɗari William Hewson na Landan ya yi bayaninsu, shi kuwa ya mutu a 1774 yana saurayi, sanadin yankan da ya samu wajen fiɗar gawa, wanda ya ruɓe ya shiga jininsa. A 1843 William Addison ya ce ƙwayoyin mugunya fararen ƙwayoyin jini ne da suka fito daga jijiya. A 1867 Julius Cohnheim na Jamus ya zauna yana kallonsu a jikin kwaɗo mai rai, suna manne wa bangon jijiya, suna ratsa shi kamar mai bi ta kafar darni, suna nufar wurin rauni. Amma da yawa cikin masanan zamanin sai suka fassara abin a juye. Da suka ga ƙwayoyin cuta a cikin fararen, suka ce ai su ne ke goya cutar suna yaɗa ta a jiki. Watau aka iske mai gadi riƙe da ɓarawo, aka ce abokin satarsa ne.

Wanda ya wanke su daga zargin ba likita ba ne ma. Elie Metchnikoff mutumin Rasha ne, masanin dabbobi, wanda ya bar aikin jami'a ya tare da iyalinsa a Messina, a tsibirin Siƙilliya. Wata rana a ƙarshen 1882, iyalin sun fita kallon wasa, ya zauna yana duban 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana hangen wasu ƙwayoyi suna yawo a ciki. Sai ya faɗo masa a rai, ko waɗannan masu yawo tsaro suke yi? Ya shiga lambu ya tsinko ƙayar fure, ya soka wa 'ya'yan, ya kwana bai runtsa ba. Da gari ya waye sai ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayar zobe. Ya sa musu suna da Girkanci mai ma'anar ƙwayoyi masu ci, ya ce kumburi da zafin da ake gani a rauni alamar yaƙin jiki ne da baƙo. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta wajen kare wannan magana, a cibiyar Pasteur da ke Faris.

Sai da ya kare ta kuwa, don Jamusawa sun taso masa. A 1890, a Balin, Emil Behring da abokin aikinsa Kitasato, mutumin Japan, suka ɗebi ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin cuta, ruwa zalla babu ƙwaya ko ɗaya, suka zuba wa wata dabbar, sai ga shi ta tsira. Ashe akwai makari narkakke a cikin ruwan jini. Da wannan aka fara ceton yara daga mashaƙo, wadda a lokacin take kashe dubbai kowace shekara a Turai. Aka rabu gida biyu, masu cewa ƙwaya da masu cewa ruwa, aka yi kusan shekara ashirin ana musayar baƙaƙen maganganu, kuma tsohuwar gabar yaƙin Faransa da Jamus na 1870 tana ƙara wa wutar iska. A 1903 masana biyu a Landan suka nuna cewa wani abu a ruwan jini yakan lulluɓe ƙwayar cuta, sai farar ƙwaya ta fi saurin haɗiye ta, kamar yadda miya ke sa tuwo ya wuce. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Metchnikoff da Paul Ehrlich, jagoran ɗaya ɓangaren. A 1948 wata masaniya a Suwidin, Astrid Fagraeus, ta nuna cewa shi kansa makarin wata irin farar ƙwaya ce ke ƙera shi. Kowane ɓangare ashe rabin gaskiya ya riƙe yana dukan ɗan'uwansa da shi, kuma almajiran kowane fanni, har da na addini, sun san irin wannan ciwo.

Shi Ehrlich yana da wani gwaji da ya kamata kowane mai gida ya sani. A 1892 ya saba wa wasu ɓeraye mata da dafin 'ya'yan zurma kaɗan-kaɗan har ya daina yi musu illa. Da suka haihu sai ya yi musanyar 'ya'ya tsakaninsu da ɓerayen da ba a saba musu ba. 'Ya'yan da suka sha nonon masu kariya suka sami kariya, ko da yake ba su suka haife su ba. Yau an san cewa uwa tana miƙa wa ɗan tayi makarinta ta mabiyiya a watannin ƙarshe na ciki, sa'an nan ta ƙara masa ta nono, kuma babu nonon da ya kai dakashi yawan makari da fararen ƙwayoyi. Wannan ruwan fari mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa, shi ne a gidaje da yawa ake tatsewa a zubar, a ce bai da kyau, a ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya. Babu aya ko hadisi da ya ce a yi haka. Al'ada ce kawai, kuma tana raba jariri da garkuwarsa ta fari a ranar da ya fi bukatarta. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shayarwa ta shekara biyu ga mai son cikawa. Sai dai kariyar da uwa ta ba da aro ce, takan ƙare cikin watanni, shi ya sa a Nijeriya ake yi wa yaro allurar ƙyanda yana wata tara.

Akwai wasu ƙananan farare da ke cike da kaluluwa da saifa, waɗanda har wajen 1950 ba a san amfaninsu ba. James Gowans ya nuna a 1959 cewa sintiri suke yi daga jini zuwa kaluluwa su komo. A 1961 Jacques Miller ya cire wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, daga jariran ɓeraye, sai suka tashi ba garkuwa. Ashe makaranta ce, inda ake koya wa ƙwayoyin bambanta ɗan gida da baƙo, kuma fiye da 90 cikin 100 na ɗalibanta ba sa fita da rai, har da duk wanda aka ga zai juya wa jiki makami. Binciken kaji a 1956 da 1965 ya nuna jinsi na biyu, masu ƙera makari. Kowace ɗaya makami iri guda take riƙe da shi, na maƙiyi guda. A 1976 Susumu Tonegawa ya gano cewa daga 'yan ɗaruruwan gutsattsarin gado jiki ke harhaɗa biliyoyin irin waɗannan makamai, har na cutar da ba ta bayyana a duniya ba tukuna. In maƙiyi ya shigo, wadda makaminta ya dace da shi sai ta hayayyafa, bayan yaƙi kuma a bar wasu da rai shekara da shekaru suna riƙe da kamanninsa. Wannan ita ce amsar tambayar Arrazi, bayan shekara dubu. Darajar rundunar kuwa ta fito fili da ƙanjamau ta bayyana a 1981, domin ƙwayarta 'yan makarantar taimus take kashewa, sai tarin fuka da cututtukan da da ba su isa kome ba su kayar da mutum.

Waɗansu masu wa'azi sukan ɗauko ayar Suratul Muddassir da ke zancen rundunonin Ubangiji su ce fararen ƙwayoyi take nufi. Kyautuwa ya yi a yi hattara, don malaman tafsiri a kan mala'iku suka fassara ta, kuma ba a ɗora wa Alƙur'ani abin da bai faɗa ba. Umurnin da ke Suratuz Zariyati na mutum ya dubi ayoyin da ke cikin kansa ya wadatar.

Allurar rigakafi dai ba ta kawo wani mai tsaro daga waje. Kamannin maƙiyi take nuna wa rundunar da Allah Ya riga Ya halitta, don ranar da ya zo da gaske a gane shi tun daga ƙofa. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani, kuma an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Shehu Abdul'azizu ɗan Baz, wanda ya rasu a 1999, ya halatta rigakafi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe don tsari tun kafin cuta ta sauka. Kowane maniyyaci ma yakan miƙa dantsensa a yi masa allurar sanƙarau kafin ya tafi Makka, ba ya ce imaninsa ya ragu. Abin mamaki ne shi ɗin ya komo gida ya ɓoye ɗansa a ƙuryar ɗaki.

Tsoron jama'a yana da tushe, wannan gaskiya ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin waje ya gwada magani a kan yara a Kano, abin ya kai har kotu. Haƙƙin iyaye ne su tambaya, wajibin hukuma ne ta amsa da gaskiya da amana. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe da dama, har Yaman da Indunusiya, kuma yaran Musulmi ne suka gurgunce. Da sarakuna da malamai suka sa hannu aka ci gaba, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Mashaƙo kuwa, wadda aka san makarinta tun 1890, ta ɓarke a ƙarshen 2022 da cikin 2023, Kano ta fi ko'ina jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba su sami cikakken rigakafi ba.

Agana ita ce ta tafi ba ta komo ba. A Nijeriya an ga ta ƙarshe a 1970. Mutum na ƙarshe a duniya da ya ɗauke ta daga cuɗanyar yau da kullum Musulmi ne, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta ƙasar Somaliya. Ya taɓa aiki da masu rigakafin, amma shi kansa ya zille wa allurar don tsoron zafinta. A watan Oktoba na 1977 ya shiga mota na ɗan lokaci don ya nuna wa direba hanya, a cikinta kuwa akwai yara biyu masu agana, sai ya kamu. Allah Ya tashi kafaɗarsa, a watan Mayu na 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an kawar da cutar daga doron ƙasa. Daga baya Ali ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana bin iyaye yana ba su labarin abin da tsoron allura ya jawo masa. Yana cikin wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a watan Yuli na 2013. Allah Ya jiƙansa.